Isnadin Tsohuwar Mota

Da wuya mutum ya ratsa tsohuwar unguwa a Kano, ko Zariya, ko Katsina, ko Damagaram, bai ci karo da wata tsohuwar Peugeot ba, ko dai 404 ko 504, an ɗora ta bisa duwatsu a gindin darbejiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta lulluɓe gilasanta, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin ƙailula. Galibi in ka bincika za ka tarar mai ita ya riga mu gidan gaskiya, ta faɗa cikin gādon da ba a raba ba, magada kuwa ra'ayinsu ya kasu: wannan yana cewa a kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli a raba kuɗin kowa ya huta, wancan yana cewa motar Baba ce, in Allah ya hore masa sai ya tashe ta ta koma kamar ranar da aka fito da ita. Kowannensu da zuciya yake magana, alhali kuwa mas'alar tana da ilmi, kuma ilmin bai fi ƙarfin duk wanda zai iya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin mota da tocila ba.

Waɗannan motoci sun cancanci a yi musu wannan wahala. An fito da 404 a Faransa cikin 1960, da zanen kamfanin Pininfarina na Italiya, ta kuwa nuna ƙarfinta a ƙasar Afirka tun da wuri, domin ita ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin da ke karya motocin da suka fi ta tsada. Ƙanwarta 504 ta bayyana a Faris cikin 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ita ma ta ci Safari a 1975. A wannan shekara ta 1975 ɗin ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, ana kwaso sassansu ta jirgin sama daga Lyon a sauke a Kano, sa'an nan a kai su Kaduna a harhaɗa. Kuma sa'ad da Turai ta daina yin 504 salun a 1983, Kaduna ba ta daina ba sai wajen 2006. Saboda haka ne ta zama motar ma'aikacin gwamnati, da ta alƙali, da ta ɗan kasuwa, wagon ɗinta ta zama motar haya tsakanin garuruwa, akori-kurarta kuma ta zama jakar ƙauye ranar kasuwa. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, tana lissafa mota cikin kayan tarihi in ta kai shekara 30, wanda ke nufin mafi yawan waɗannan da ke zaune a ƙofar gidajenmu sun daɗe da shiga wannan sahu ba tare da masu su sun sani ba.

To, wanda ya tsaya gaban irin wannan mota, ko don ya saya ko don ya yanke shawara a kan ta gida, ya kamata ya yi koyi da malaman hadisi, waɗanda ba su karɓar magana don daɗinta sai sun binciki abu biyu: isnadinta, watau wa ya karɓo daga wa har zuwa tushe, da kuma mataninta, watau ita maganar kanta ko tana da illa a ɓoye. Isnadin mota shi ne takardunta da lambobinta da jerin hannayen da ta bi. Mataninta kuwa shi ne ƙarfen da ke gabanka. Dillali zai so ka fara da matani, bal ma da zahirinsa kawai, ya buɗe maka ƙofa ka ji ƙamshin sabon kushin, ya tayar da inji ka ji yana kaɗawa lafiya lau. Kai kuwa ka ce masa, "Alhaji, a bar injin tukuna, a kawo takardu."

Kowace mota tana fitowa da ɗan faranti na ƙarfe da aka kafe da ƙusoshin ribit a ƙarƙashin bonet, ɗauke da nau'inta da lambarta, kuma ana buga wannan lamba a jikin bodi, inji ma yana da tasa a jikin bulok. Wajibi ne lambar faranti da ta bodi da ta takardu su yi ittifaƙi, harafi da harafi. Tun daga 1981 masu ƙera motoci suka koma ga lamba mai gurbi 17, wadda ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don gudun rikita su da 1 da 0, kuma ta Peugeot ƙirar Faransa tana farawa da VF3. Motocin da suka girmi wannan shekara lambarsu gajera ce, don haka in aka nuna maka 404 da aka ce ta 1968 ce, ga ta da doguwar lamba, ka san akwai magana. Karanta lambar kaɗai ba ya wadatarwa, sai an duba yadda aka buga ta. Bugun masana'anta yana tafiya a layi ɗaya, zurfinsa ɗaya, tazararsa ɗaya, shi kuwa bugun da aka yi da guduma a bayan gareji za ka ga wani harafi ya nutse, wani ya tashi, wani ya karkace. Ka shafa wurin da yatsa: in ƙarfen ya yi kwari kamar an goge shi da injin gurza, ko fentin wurin ya fi na kewayensa sabunta, ko ribit ɗin farantin suna ƙyalli alhali komai na kusa da su ya dushe, to isnadi ya yanke, kuma motar da isnadinta ya yanke, komai kyanta, tana iya kai mai ita ofishin 'yan sanda a kan satar da aka yi tun bai san da ita ba. Wanda yake da mota ƙirar Faransa yana iya rubuta wa gidan tarihin Peugeot da ke Sochaux, inda ake ba da takardar shaidar asalin mota bisa ga lambarta. Tsofaffin rasiɗai, da takardar kwastan, da littafin sabis, har da hoton mamaci tsaye jikin motarsa ran Salla da lambarta a fili, duk hujjoji ne, kada a raina su.

A nan akwai wani kuskure da masu sha'awa ke yawan faɗawa ciki, wanda nake ganin ya kamata a tsaya a kansa. Sun ɗauka asali yana nufin ƙirar Faransa, saboda haka in suka sami 504 haɗin Kaduna sai su shiga cire mata kayanta suna sa mata na Turai, suna zaton daraja suke ƙara mata. Haƙiƙa asalin kowace mota shi ne halin da ta fito da shi daga masana'antar da ta haɗa ta. Motar Kaduna an shirya ta ne don hanyoyinmu da zafinmu da ƙurarmu, kuma da tafiya ta yi tafiya an riƙa sa mata kayan da aka yi a cikin ƙasa, kamar kujeru da batir, da tayoyin da Michelin ke yi a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja, kafin masana'antun biyu su rufe. Waɗannan su ne shaidar wani zamani da Nijeriya ta yi yunƙurin ƙera abin hawanta, kuma wanda ya tuɓe su ya maye gurbinsu da na Sochaux ya sami motar da ba ta Faransa ba ce, ba kuma ta Kaduna ba. Haka nan ba kowace 504 ce ke da kaya iri ɗaya ba ko a can Turai: ta farko injinta 1796 cc ne, daga 1970 aka ƙara shi zuwa 1971 cc; salun ta farko ta fito da birkin faifai a ƙafa huɗu da ƙafafun baya masu motsi kowace da kanta, wagon da akori-kura kuwa gatarin baya ɗaya ne miƙaƙƙe saboda kaya; ta farkon zamani giyarta a jikin sitiyari take, daga baya ta sauko ƙasa. Sai mutum ya san wace iri ce a gabansa kafin ya ce wannan nata ne, wannan baƙo ne.

Ƙananan kaya su ne shaidun da ba su iya ƙarya ba. A kusurwar kowane gilashi akwai hatimin wanda ya yi shi, a na baya-bayan nan kuma har da harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta amince da shi: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. In gilasan ƙofofi huɗu da na baya hatiminsu ɗaya, na gaba ne kawai ya saɓa, wannan ba abin damuwa ba ne, dutse yana fasa gilashin gaba kullum. Amma in na gefe ɗaya duka sun saɓa wa na ɗaya gefen, ka tambayi ranar da motar ta kwanta a kan wannan gefe. Fitilun asali za ka ga sunan Cibié ko Marchal a jikin gilashinsu, agogon dashbod Jaeger ko Veglia, kafireta Solex ko Zenith, kayan wuta kuwa Ducellier ko Paris-Rhône. Kanikawa suna kiran irin waɗannan folo-kam, watau abin da ya zo tare da motar, kuma suna bambanta su da ɗan Baljiyam, wanda aka ciro daga wata motar a Turai, da sabo na kamfani wanda ya kwana a kwalinsa shekaru, da kuma jabu wanda aka kwaikwaya. Jabu yana tona kansa a hannu: ya fi sauƙin nauyi, rubutunsa ya cushe, bakin ƙarfensa yana da kaifin da ba a goge ba, ramukan ƙusoshinsa kuma sai an ja an matsa kafin su hau. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, ya tafi da tsohon a hannunsa, ya ɗora su gefe da gefe. Agogon tafiya kuwa kada a gaskata shi, domin na tsofaffin gurbi biyar gare shi, in ya cika 99,999 sai ya koma sifiri. Robar fedar kuloci, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya.

Amma duk wannan muƙaddima ce. Hukuncin ko mota za ta tashi ko ba za ta tashi ba yana wurin bodi, kuma dalili shi ne salun ɗin 404 da 504 ba su da shasi dabam wanda aka ɗora gida a kansa kamar babbar mota; bodin kansa shi ne ƙashin bayan, shi ke ɗauke da inji da ƙafafu da fasinja, ta yadda in tsatsa ta ci shi a wuraren da nauyi ke sauka, babu abin da za a ɗaura sabon kaya a jikinsa. Ka lura da tsohon bakanike wanda ya san aikinsa in aka kai shi ganin mota. Ba ya ko kallon fenti. Zai shimfiɗa kwali ya kwanta, ya ɗauki sukundireba yana caka dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi daga gaba zuwa baya, yana saurare: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum, wani lokaci ma bakin sukundireban ya shige, jar ƙasa ta zubo masa a fuska. Zai ɗaga kafet ya duba daɓen ƙarƙashin ƙafar direba, ya leƙa mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga shekara da shekaru, ya duba kan shokzoba na gaba inda ya haɗu da bodi, da wurin kafa jak, da gindin gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin roba, da daɓen but, da mahaɗar ƙafafun baya. Sa'an nan ya fito da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle ya riƙa bin ƙofofi da fenda da shi: inda ƙarfe yake sai ya kama, inda aka cika fila aka shafe da fenti sai ya sulale. In ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fenti ne ke riƙe da ita," to magana ta ƙare, ko da injin yana tashi bugu ɗaya.

Hatsari ma yana barin alamarsa. Waldar masana'anta ɗige-ɗige ce, zagayayyu, a jere da tazara daidai a bakin kowane haɗi. Waldar fanel-bita da wutar kabaid kuwa tana barin tudu da ƙuna, ƙarfen kewayenta ya yi laushi. Tazarar ƙofa da bodi in ta yi faɗi a sama ta matse a ƙasa, ko bonet ya ƙi zama daidai, ko tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe ɗaya, alama ce gidan ya murɗe. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, watau motar da aka yanka biyu aka haɗa gaban wata da bayan wata, abin da ake ganewa in an ɗaga kafet aka ga layin walda ya ratsa daɓe daga ƙofa zuwa ƙofa. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, kada ka sa iyalinka a ciki.

Inda mota ta yi rayuwarta yana faɗin irin cutar da za a nema. Wadda ta zauna a Ikko ko Fatakwal iskar teku da damina mai tsawo sun ci ta daga ƙasa. Wadda aka shigo da ita daga Turai ta sha gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Mu a nan Allah ya yi mana rahamar bushewar iska, har ma a shekarun 1970 da 1980, sa'ad da samarin Turawa ke koro tsofaffin 504 su keto Sahara ta Tamanrasset su sayar a Arlit da Agadas, da yawan motocin tsatsarsu ta lafa ne da isowarsu. Sai dai abin da ruwa ya bari rana ta ci: dashbod ya tsattsage, robobi su bushe, fenti ya ƙone. Wadda ta yi haya kuwa, aka riƙa ɗora mata mutum goma da buhunan hatsi a kan hanya mai gargada, ciwonta gajiyar ƙarfe ce, sai a nemi tsaga a kewayen mazaunin sifirin da shokzoba.

Inji shi ne abin da mutane suka fi tsoro, shi ne kuwa mafi sauƙin mas'ala. Injin waɗannan motoci, wanda aka kwantar da shi a karkace, an yi shi da hannayen silinda masu cirewa, saboda haka ko ya gaji ana zare su a sa sababbi da fistin da ringi, ya koma aiki. Kuma har yanzu akwai dattawan kanikawa a kowane gari da za su iya kwance shi su ɗaure ido rufe. A sa sifana a juya shi da hannu a ga ko ya kafe, a zaro sandar baƙin mai a ga ko ya yi fari kamar an zuba madara, alamar ruwa ya shiga. Abin lura ɗaya shi ne kan injin na alminiyam ne, kuma al'adarmu ta cire tamostat da cika lagireto da ruwan rijiya tana cinye shi daga ciki. Wanda ke son asali ya fi kyau ya gyara injin da motar ta zo da shi, ko da sayen ɗan Baljiyam ya fi araha.

Abin da ke karya mai gyara a ƙarshe, bayan bodi, shi ne ƙananan abubuwan da suka ɓace: zakin gaba, da rubutun baya, da sandunan ado na gefe, da marfin taya, da hannun ƙofa, da murfin fitilar baya, da maɓallan dashbod. Fistin ana yin sabo har gobe, amma waɗannan an daina yinsu, sai dai a bi su ɗaya ɗaya a wurin masu yanka motoci, kuma kullum 'yan gwangwan suna rage yawansu. Don haka mota mai mataccen inji wadda kayanta suke cikakku, bodinta lafiya, ta fi mai tafiya wadda aka yi wa tsirara aka cike ta da fila. Sau da yawa ma hikima ita ce a sayi biyu, ɗaya a tashe ta, ɗaya ta ba da kaya. Game da kuɗi kuwa, gaskiyar da ba a son ji ita ce gyaran salun na gama-gari yakan ci fiye da abin da za a saye ta in an gama. Waɗanda ke mai da kuɗinsu su ne irin 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda Pininfarina ta yi wa bodi tun daga 1969, kuma ba su da yawa a ƙasarmu. Wanda zai tashi motar mahaifinsa ya yi don birrul walidaini da jin daɗin ransa, ya ƙiyasta abin da zai iya ba tare da ya tauye haƙƙin iyali ba, kuma ya fara biyan sauran magada rabonsu a gaban shaidu kafin ya sa mata ko ƙusa. Mai sayarwa shi ma ya sani malaman fiƙihu sun yi bayani filla-filla a babin ciniki cewa ɓoye aibi algus ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin da aka rufe masa. Filar da aka lulluɓe da fenti don a ɓoye ruɓa tana cikin wannan hukunci.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi sauran wuya, watau ko ma ya dace a sabunta motar. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Ikko akwai baƙar Mercedes-Benz wadda aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Babu mai hankalin da zai ce a kai ta wurin fanel-bita, domin ramukan su ne tarihin. A Faransa kuma, cikin 2015, an yi gwanjon motocin wani attajiri mai suna Roger Baillon da aka tarar sun shekara da shekaru a rumfuna, aka sayi wata Ferrari daga cikinsu a kan fiye da Yuro miliyan 16, da ƙurarta da tabonta. Ƙa'idojin FIVA da ake kira na Turin, waɗanda suka fara aiki a 2013, sun karkata ga wannan ra'ayi: a kiyaye abin da ya zo da mota gwargwadon iko, a canza abin da larura ta tilasta, a kuma rubuta abin da aka canza. Ni ma nan na karkata. Fentin asali, ko ya dushe, in an wanke shi an goge yana da kwarjinin da sabon feshi ba ya kawowa, kuma fenti ko kushin ɗin masana'anta in an cire shi ba ya dawowa. Birki, da taya, da bututun mai, da wayoyin wuta da suka bushe, waɗannan a sabunta su ba tare da jinkiri ba, domin rai ya fi tarihi.

In an yanke shawarar kai ta gareji, a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance shi, a yi yarjejeniya da bakanike a rubuce, aiki kashi-kashi, biya kashi-kashi, a fara da walda da ƙafafu da birki, fenti ya zo a ƙarshe. Kuma a shardanta masa tun ranar farko cewa duk abin da aka cire, ko da ƙusa ce, a sa shi a buhu a rubuta sunansa a dawo da shi gida, domin kafiretar Solex da aka jefar a kusurwar gareji ba ta kwana uku yaran shago ba su kai ta sikeli ba.